Farar Rigar Kawu a Bayan Keke

Jiya na wuce shagon wani mai guga, ƙamshin sitaci da gawayi ya buge ni, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Akawu ne a wani ofishin gwamnati a Kafanchan, duk ma'aikata Kawu suke kiransa. Kullum da riga biyu yake fita: tsohuwa a jikinsa, fara ƙal mai sitacin rogo kuma a naɗe cikin jarida, ɗaure a bayan keke. Sai ya kai gindin mangwaron bayan ofis yake share gumi, ya canja riga, ya ɗaura nektayi.

A 1991 aka ɗauke ni aiki a ofishin. Wata rana cikin zafin Maris, ga fanka ta mutu, na cire nektayi, na ɓalle maɓallai uku. Kawu ya yafito ni bakin taga, ya nuna mini wata tsohuwa a benci. Daga Gidan Waya ta zo, tana rungume da takardar gonarta.

Ya ce, "Ka ga Mama can? Zaninta na zuwa coci ta ɗauro don za ta zo gabanka. Kai kuma da ƙirji a waje za ka tarbe ta?"

Na mayar da maɓallaina, kunya kamar in nutse. Har na yi ritaya ban sake ɓalle ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya yaba shigata, nakan ce aikin Kawu ne.

Ubangiji ya tarbe shi da irin girman da ya tarbi talakawa, ya zaunar da shi a inuwar da ba a gumi.