Ranar da Na Sa Ƙanena Cikin Matattu

Inna ta haifi bakwai. Uku sun koma tun suna goye, mu uku mata muna nan, na bakwai kuwa, autanmu, shi ne ba wanda ya san inda za a sa shi.

Garinmu yana bakin kogin Komadugu, gaba da Geskeru, kuma tattasai muke nomawa tun kakanni. Shekarar da tashin hankali ya ƙetaro kogi, Inna da ƙanen nawa suka taho wurina a Diffa, inda nake aure. Bayan sati biyu ya ce zai koma ya ɗauko injin ban ruwa da ya bari a gona. Na yi masa faɗa har muryata ta dishe, don ni in raina ya ɓaci ban iya magana a hankali ba. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ke dai faɗa ne abincinki." Ya fita da hantsi. Ba inji, ba shi, ba gawa.

Bayan shekara huɗu masu ƙidaya suka shigo unguwarmu. An ce gari ya cika ya batse, ba a san 'yan gari nawa ba ne, baƙi nawa ba ne. Gaskiya ne kuwa. Filayen da muke shanya tattasai duk sun zama bukkoki, a layin famfo za ka ji harshe huɗu kafin jarkarka ta cika.

Wadda ta zo gidanmu wata budurwa ce 'yar Damagaram, mai ladabi, riƙe da na'ura kamar faranti. Ba ta jin Barbarci, Hausar Inna kuma ta ciniki ce kawai, sai na zauna tsakaninsu a tabarma ina fassara. Ni na yi lakkol, wato makarantar boko, ina jin Faransanci.

Aka gama da sunaye da shekaru, aka zo kan haihuwa: nawa ta haifa, nawa ke raye, nawa suka rasu. Inna ba ta son a ƙirga 'ya'ya da baki, sai ta riƙa kiran sunayenmu tana lanƙwasa yatsu. Da ta zo kan auta ta ce, "Yana gona."

Yarinyar ta ce, "Inna, yana raye ke nan?"

Wannan kam Inna ta ji, ba ta jira ni ba. Ta ce, "Raye mana!"

"To a wane gari yake zaune yanzu? In ban sa gari ba, na'urar ba ta wucewa."

Nan gabana ya faɗi. Wanda bai zauna Diffa a shekarun nan ba, ba zai gane ba. Saurayin da aka ce yana raye a bakin kogi, shekara huɗu bai leƙo gida ba, fassara ɗaya mutane ke yi masa: ya bi mutanen daji. An riga an fara yi mana wannan kallon. Akwai maƙwabciyar da ta daina aiko mana da tuwo, akwai masu yin shiru in mijina ya iso majalisa. Yarinyar ta rantse mini abin da ta rubuta sirri ne. Sirri a ina? Ga kawunan mata biyu a bisa katanga, wai suna shanya kaya.

Sai na juya harshe zuwa Faransanci na ce, "Rubuta ya rasu."

Ta ɗago kai ta ce, "Madam, ai tsohuwa ta ce yana raye."

Na ce, "Tambaya aka aiko ki ko gardama? Rubuta, mu huta!"

Ta rubuta. Ina kallon yatsanta. Wallahi bai fi ƙiftawar ido ba, abin da muka yi shekara huɗu ba wanda ya iya furtawa a gidan nan. Kuma tun da gaskiya na zauna faɗa, ba tsoro kaɗai ya sa ni ba. Na gaji. Na gaji da jiran sallamarsa, na gaji da duban fuskar kowane saurayi a tasha. Ina so wani ya ce an gama, ba wanda ya ce, sai na ce da bakina.

Inna ta taɓa gwiwata, ta tambaye ni da Barbarci, "Me kika ce mata?"

Na ce, "Na ce ta rubuta yana raye."

Kai, ban taɓa ganin fuskarta ta buɗe haka ba tun da ta baro garinmu. Ta gyara zama, ta matso kusa da yarinyar. Ta ce, "To ki gaya mata da kyau, don in sun je nemansa su gane shi. Dogo ne, yana da tabon lauje a ƙafar hagu. In ya tsorata yana in'ina, kada su ɗauka ƙarya yake yi, su ba shi lokaci."

Yarinyar ta dube ni tana jiran fassara. Na ce, "Godiya take yi miki." Ta gane ba haka ba ne, amma ta tashi ta sa takalminta. Inna ta cika mata leda da busasshen tattasai, ta raka ta har ƙofar gida tana sa mata albarka. Ni ma ta sa mini, ta ce ranar nan ta ga amfanin karatuna.

Daga ranar, duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labari: gwamnati ta ɗauki sunan autanta, yana cikin na'ura, ana nemansa. Ta koma cin abinci sosai, har ta yi ƙiba. Sau nawa na shiga ɗakinta da niyyar faɗa mata, in tarar tana fara'a, in ce na zo ɗaukar tsintsiya.

Damina biyu Inna ta ƙara a duniya. Ranar da ciwo ya ci ƙarfinta, bayan azahar, ina ba ta ruwa da cokali, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, mutanen ƙidaya ba su aiko ba?"

Na ce, "Ba su aiko ba tukuna, Inna."

Ta ce, "To in sun aiko, ki je da kanki. Ke ce kika rubuta shi."