Shekara Shida da Kwalin Dakta Lawal

Shekara shida ke nan da rasuwar aminina Dakta Lawal, Allah Ya jiƙansa, kuma har yau kwalin littattafansa yana ɗakina a Sana'iyya, unguwar masana'antu ta Doha.

Bincike ya kawo shi Doha, ni kuwa walda nake yi a gareji. A sallar Juma'a muka san juna. Aikinsa a kan kwabban jan ƙarfe ne waɗanda sarakunan Mongol suka buga ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Na taɓa tsokanarsa: "Dakta, mutane na karatun mai da gas, kai ka liƙe wa kwabon da ko biredi ba ya saye?" Ya ce, "Malam Isa, zinariya ta sarki ce. Wannan na irinmu ne, da shi talakawansu ke cefane."

Kwabban na wani Balarabe ne a unguwar Garrafa. Lawal yakan ɗora takarda a kan kowanne, ya goga fensir har rubutun ya fito. Larabci ne da ya goge. Ni da na yi karatun allo nakan gane harafin da ya shige masa duhu, shi kuma ya fara koya mini boko. Ba mu yi nisa ba ajali ya zo.

Balaraben ya sayar da kwabban, sun watsu a duniya. Abin da ya rage shi ne waɗannan takardun. Na kai su wata jami'a, aka ce in rubuto. Na sa aka rubuta mini, shiru. Ɗalibanmu na gida suka ce, "Baba, ba fanninmu ba ne." Ƙanin Lawal ya ce in aiko da agogo da waya, takardu kuwa in zubar. Da Lawal na nan, da dariya zai yi. Ni na kasa.

Haushin haka ya kai ni ajin koyon karatu na manya. Yanzu nakan karanta bayanin da ya yi da Hausa a gefen shafi, layi ɗaya sai in yi gumi. Wannan rubutun ma mako uku ya ɗauke ni.

Kwantiragina zai ƙare ƙarshen wata. Na auna kayana: ko kwalin ya shiga jirgi, ko tsarabar iyali. Na cire tsarabar. Maimuna, uwargidana, za ta yi faɗa, na sani. Amma abaya akwai ta a Kantin Kwari. Rubutun hannun Lawal kuwa, in na bar shi a ɗakin nan, mai shara ne zai gaje shi.