Birkin da ya cinye mana ranar Alhamis

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin fita lakkwal, wato makaranta, aka kira ni, wai Mushe Hassumi ya rasu. Ya idar da sallar asuba, ya miƙe, ya faɗi. Shi ke nan.

Mun kai shi makwancinsa, na dawo gida, kuma wallahi har yanzu haushinsa nake ji. Ku yi mini haƙuri. Haushin kaina ma ya fi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne tsohon malamin lissafi na makarantarmu nan Filinge, inda ake ce wa malamin boko Mushe. Lokacin da aka turo ni garin nan ban san kowa ba, shi ya ba ni ɗaki a gidansa har na samu haya. Matarsa Tanti Ramatu ba ta taɓa raba tuwo ta manta da ni ba.

Mutum ne mai keke. Yakan tare ka a hanya, bai san ka ba, don kawai ya gaya maka sarƙar kekenka ta bushe. Shi ya zuga ni har na sayo keken tsere na hannu a Yamai, mai birkin faifai, irin wanda ƙarfe ne zagayayye a tsakiyar taya birkin ke kamawa.

Kunnensa na jin kukan keke daga nesa. Amma ciwon kansa, wannan kam ba ya ji.

Makon jiya Tanti ta kira ni. Ta ce maganin hawan jininsa ya ƙare tuni, jiri na ɗibarsa, ya ƙi zuwa asibiti. Ta ce, "Isaka, kai yake jin maganarka. Ka zo ka ja shi, ni na gaji."

Na ce ranar Alhamis ba ni da aji da safe, zan zo in kai shi.

Na zo kuwa. Sai dai a kan keken na zo, kuma kwana biyu ke nan birkin gaba yana ƙara. Na ɗiga masa man keken ɗinki, don mu nan duk abin da ya yi kuka mai muke ba shi, ƙofa ce ko amalanke. Sai abin ya ƙaru.

Ina taka birki a ƙofar gidansa ya leƙo. "Wa ke yanka akuya a ƙofata?"

Ya shafa faifan, ya dubi yatsansa, ya dube ni.

"Mi ka sa mishi?"

Na ce mai.

"Mai. Ga birki. Kai hwa malami ne, Isaka."

Na ce Mushe, bar wannan, asibiti za mu. Ya ce ba zai bar ni in hau abin da ba ya tsayawa ba, minti goma kawai.

Minti goma.

Ya cire tayar. Ya zaro ƴan ƙarafan nan biyu masu kama faifan, ya nuna mini yadda suka sha mai suka yi baƙi. Ya goga su a takarda mai yashi. Ya wanke faifan da alkol ɗin shagon magani, ya hana ni taɓa shi da hannu. Muka mayar, na gwada a tsakar gida. Kuka.

Ya kwance kusoshi biyu na gidan birkin, ya ce in matse birkin in riƙe, ya ɗaure su. Na gwada. Kukan ya ragu, sai wani shak-shak duk zagaye ɗaya.

Na ce ya isa haka, mu tafi. Ya ce, "Wanga faifai ya karkace, kana ji kana cewa ya isa?"

Ya tsuguna yana juya tayar, ido ɗaya a rufe, yana lanƙwasa faifan da sifana kaɗan-kaɗan. Da zai miƙe sai da ya dafa bango. Na gani da idona. Na ce ka gani ko? Ya ce tsugunno ne, ba komi.

Aka kira azahar muna nan. Birki ya yi shiru, shi kuma yana ta murna kamar an yi masa haihuwa.

Na ce, "Asibitin hwa?"

"Yanzu layi ya cika. Gobe mu tahi."

Ni kuma na yarda. Gaskiyar ke nan. Na hau kekena ina jin daɗin shirun, Juma'a ta wuce, Asabar da Lahadi suka wuce, ina cewa Litinin.

Yau ce Litinin.

Bayan jana'iza na shiga cikin gida gaisuwa. Tanti ba ta nan ranar Alhamis ɗin, ta je suna ƙauye. Tana ganina ta ce, "Allah shi saka maka, Isaka. Ko ba komi ka kai shi, ya ce lokotoro ya duba shi ya ce ƙalau yake."

Ashe abin da ya gaya mata ke nan. Haba Mushe. Ka ƙi zuwa, ka yi mata ƙarya da sunana, ka tafi ka bar ni da ita.

Mata cike da ɗaki, amma na kasa karɓar wannan godiya. Na ce, "Tanti, ban kai shi ba. Keke muka gyara."

Ta dube ni. Sannan ta share idonta da gefen hijabi ta ce, "Ni da ke kwana gida guda da shi ban iya kai shi ba. Tashi ka tahi, na yafe."

Na san lokaci idan ya yi ya yi. Amma an ba ni aiki ɗaya, ban yi ba, kuma da wannan zan zauna.

Allah ya jiƙan Mushe Hassumi, ya yafe masa kurakuransa har da taurin kan nan nasa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Tanti Ramatu da ƴaƴansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi cikin addu'a. Idan da saura, ku roƙa mini gafara ni ma.