Yaya Dikko da Ruwan Ƙasa

Kun san Yaya Dikko, ko fura aka miƙa mishi sai ya girgiza ta, ya aje, ya zuba mata ido har ta kwanta. Ni ƙanwarsa ce, ni na sha wannan hali tun ranar da ya dawo garin Isa daga Turai, a shekarun nan na fari da muke tafiya mai nisa kafin mu samo ruwa tulu guda.

Aikinsa can, in ji shi, wani mai ne da ake samu daga fetur. Sai a zuba shi kan ruwan da aka narkar da wani ƙarfe wanda ya fi zinariya tsada, a hura iskar gas iri biyu, a yi ta motsawa, man ya zama abin haɗa omo. Matsalar, man mai kauri ba ya yarda ya kusanci ruwa.

Ya taɓa tsare wata mai sai da man gyaɗa a kasuwar Sabon Birni da wannan bayani. Ta gaji, ta ce, "Malam, mi ya hana ku jefa sabulu?"

Ya ce, "Baiwar Allah, bayan shekaru abin da muka yi ke nan."

Zubar da ruwa kuwa, kada ma ka fara. Wai a wurin aikinsu ruwan ƙasa, wanda ke kwanciya ƙarƙashin man, shi ke riƙe da ƙarfen, wanda ya zubar a ranar za a sallame shi. Ruwan wanke gero sai ya wanke kwano, sannan jaki ya sha.

Ran nan akuya ta ture kwalbar man gyaɗa cikin randa, kuma shi kenan ruwan gidan. Na fashe da kuka, na ce za ni kwarar. Ya ce, "Kulu, kada ki taɓa, bari ya kwanta." Ya ɗauko ƙusa ya huda gindin randar, ta gadon innarmu fa! Ruwa ya zubo garau, mai ya tsaya sama. Na yi ta faɗa, shi kuwa yana murna har da kiran maƙwabta su gani.

Da aka raba ruwan, ya ce azumi yake. Sai da yamma na tuna bai yi sahur ba, ashe rabonsa ya ƙara wa ɗiyana.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya shayar da shi daga Alkausara har ya ƙoshi.