Kunkurun Baba

Shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki Baba ya sayi motarsa, ƙaramar nan mai ƙusumbi da ake ce wa kunkuru. Injinta a baya yake, ba ta shan ruwa, iska ce ke sanyaya ta. Baba malamin firamare ne a Utai, kuma duk Juma'a, ranar kasuwar Wudil, ba ya wuce mai tafiya a ƙasa. Motar mutum huɗu sai ta ɗauki bakwai, ga kaji a ƙarƙashin kujera. Mu 'ya'yansa mu yi ta ƙunƙuni don a cinyar baƙi muke ƙarewa, shi kuwa ko a jikinsa.

Masu ƙera ta sun yi ta sauya mata kama. Gilashin baya ya ƙara faɗi, fitilu suka ƙara girma, daga baya aka daina kawo ta gaba ɗaya. Kafin soja su sake komawa bariki, mota ƙirar Gwaf ta cika hanyar Kano, inji a gaba, ga ɗan karen gudu. Ta Baba da kayan 'yan'uwanta da suka mutu take rayuwa. Bakaniken da ke gyara ta a bakin gada yakan je har Kano neman ƙarfe guda.

Wata rana bakaniken ya zo gida da kansa, ya durƙusa ya gaida Baba, har da tambayar gona. Sannan ya ce, "Malam, na duba ko'ina. Babu sauran wadda za a cire wa kaya."

Na ce wa Baba zan kawo masa Gwaf, ya ce idonsa ba zai iya da gudunta ba. Na ji haushi, na kuma san gaskiya ya faɗa. 'Yan gwangwan suka zo sayen motar, ya kore su. Aka tura ta gindin darbejiyar ƙofar gida.

Da Juma'a ta zagayo na tarar ya sa babbar riga yana zaune a kujerar direba, ya sauke gilashi. Na ɗauka ruɗewar tsufa ce ta fara. Sai ga wata tsohuwa da ƙwaryar daddawa a ka, ta ja ta tsaya kamar yadda ta saba. Baba ya leƙo.

"Iya, ki yi haƙuri, motar ta tsaya. Ki gaya wa na gaba kada su jira ni a hanya."

Haka ya yi ta faɗa musu ɗaya bayan ɗaya, har aka kira sallah.