Labaran Mai Gadin Kuza

A shekarar 1954, lokacin da nake lebura a wurin haƙar kuza a Riruwai, Labaran ne mai gadin ƙofa. Aikinsa ya lalube mu da yamma, kada wani ya fita da kuza a aljihu ko a buta. Mutumin Bebeji ne, dogo, ba ya cin goro, ba ya haɗa kwano da kowa. Laluben bai dame mu ba kamar wa'azin. Yana zazzage maka hula yana cewa, "Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ku kuwa, Allah Ya shirye ku."

Har Baturen wurin ya gaji da shi. Wata rana ya yaɓa masa magana da Turanci, Dikko tafinta ya yi mana bayani. Wai su a can, in mutum yana ganin ya fi kowa tsarki, sai su ce ya hau dogon doki yana kallon jama'a daga sama, to Bature ya ce ya sauko. Labaran ya ce gaskiya ba girman kai ba ce.

Leburori kuwa ba su yarda da shi ba. Cewa suke yi mugu shi ya san makwancin mugu, in ba haka ba ina ya koyi leƙa cikin buta? Ni ma na taya su faɗa, har na fi su zaƙewa.

Da damina kuza ta fara raguwa. Aka bincike ɗakin Labaran, ba a sami komai ba sai tabarma da allo. Muka ce wayo ne. Bature ya tara mu, ya ce zai kori mai gadi, sai fa in akwai wanda zai shaide shi. Labaran ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Malam Dikko, ai kai ka san halina," in ji shi.

Dikko ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya shaide shi, Bature ya kore shi.

Labaran ya naɗe tabarmarsa, ya kama hanyar Tudun Wada a ƙasa. Daga baya na ji ya koma gida noma, can ya rasu. Har yau in na tuna shi kunya ke kama ni, domin a cikin sandata ta gora da nake dogarawa nake fita da kuzar nan, kuma Labaran bai taɓa zargin sandar mai ɗingishi ba.