Man Ja Daga Bakin Ruwa

Shekarar da Larabawa suka rage wa Turawa mai, ina karatu a London, muna zaune a Barking ni da matata, a wani flat mai ɗaki biyu a saman shagon gyaran takalma. Ko'ina ka bi layin motoci ne a gidajen mai. A gida kuwa labari ya sha bamban, duk wanda ya zo sai ya ce kuɗin fetur sun shigo, kowa na sayen babur. Ni dai ban ga komai a ƙasa ba sai sanyi.

Matata na da ciki na fari, abinci kuma ya ƙi zama. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Ba ta ƙorafi, sai dai ta zauna a bakin taga ta yi shiru, shirun nan kuwa ya fi faɗa ciwo. Wata safiya ta ce, "Malam, in ba zan samu wake da man ja ba, ka mayar da ni gida kawai." Na san ba wasa take ba. Na kuma san in ta tafi da cikin nan, sai na gama karatu zan ga abin da ta haifa. Shagon da na sani ana sayar da man ja, mai shi ya ce kaya sun maƙale a teku.

Ranar Juma'a bayan an idar, na tari wani abokina mutumin zangon Kumasi, direban motar raba kaya. Na tambaye shi inda ake samun man ja. Ban faɗa masa dalili ba. Wane Bahaushe ne zai tsaya a ƙofar masallaci yana zancen cikin fari na matarsa?

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Kai ma ka shiga harka? Akwai shi nan kusa da ku, bakin ruwa, wajen masu boat. Arha, ba tax sosai. Amma in police ya tambaye ka, ba ni ya faɗa maka ba."

Na yi mamakin abin da ya haɗa 'yan sanda da man miya, amma na ce ƙasar Turawa ce, komai da dokarsa. Na ɗauka masu jirage ne ke shigo da shi daga wajenmu ta bayan fage.

Washegari na wanke galan tas, na nufi rafin da ke bayan unguwarmu. Ƙananan jiragen shan iska ne jere a cikin taɓo, an lulluɓe su da tamfol. Wani dattijon Bature mai jar fuska ya fito daga rumfa. Na ce jan mai nake so. Ya karɓi galan, ya zura masa tiyo, ya cika. Tun kafin ya rufe warin ya gaya mini gaskiya: man dizal ne, ja wur.

Ya tambaye ni wanne ne jirgina. Na ce na aboki ne. Ya dube ni da kwat da takalmin makaranta, ya yi murmushi. Ya ce in dai a mota zan zuba, in sani 'yan kwastan na tsoma kara a tanki, kuma launin ba ya fita da wuri, sai su ƙwace motar. Wai mai ɗaya ne da na gidan mai, rina shi kawai aka yi don a gane wanda aka sassauta wa haraji. Motar da ke bin titi ita ke biyan cikakke. Na gona da na ruwa an ɗaga musu ƙafa.

Na ce, "Har wanda ya fito shan iska?"

Ya ce, "Ruwa ruwa ne. Ba mu lalata wa kowa kwalta."

Raina ya ɓaci, ba don man miya kaɗai ba. Abokina da ke fita tun asuba yana raba wa mutane burodi shi ke biyan haraji mai nauyi, mai kuɗin da zai kwanta a jirgi ranar Lahadi yana karanta jarida shi aka tausaya wa. Ashe ko a nan mai shi ake ƙara wa. Na so in ce ya juye abinsa, kunya ta hana ni. Na biya, na ɗauko.

Ina shiga gida matata ta miƙe, rabon da in ga ta miƙe da sauri haka har na manta. Ta riga ta jiƙa wake. Na ajiye galan a bakin ƙofa na faɗa mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Na jira ta ce a nemo mata tikiti.

Sai ta matso kusa da galan. Ta durƙusa ta buɗe murfin. Ta daɗe a haka, sai na ga hawaye.

Ta ce, "Injin niƙan Inna."

Mahaifiyarta na da injin niƙa a zauren gidansu, da dizal yake aiki. A cikin warin nan ta tashi, da shi take farkawa kullum, ƙara na tashi mata suna layi da ƙwarya. Ni da na sha zama a zauren nan lokacin neman aure, ban taɓa lura ba.

Na ce bai kamata mai juna biyu ta riƙa shaƙar wannan ba, bari in kai wa abokina ko in mayar.

Ta rufe murfin, ta tura galan bayan ƙofa da ƙafarta. "Ba inda za shi. Ka sa shi can waje inda zan riƙa ganinsa." Ta share fuska da bakin zane. "Akwai sauran man gyaɗa? Ɗora mini waken nan, yunwa nake ji."